Abin da Za Ka Gina da Abin da Za Ka Biya: Jagorar Zaɓen Kayan Tallar Intanet ga Mai Ƙaramar Sana'a

Duk mai sana'ar da cinikinsa ya fara kankama ta intanet, akwai ranar da wayar hannu guda ɗaya take gaza masa. Saƙonni sukan taru har a kasa bambance wanda ya biya da wanda ya yi alkawari kawai, sabon kaya ya iso a rasa yadda za a sanar da mutum 700 a lokaci guda, kuɗin talla kuma ya fita ba a gane wace tallar ce ta kawo mai saye ba. A nan ne shawara takan rabu biyu. Wasu su ce a yi rajista da kamfanonin da ke ba da hayar kayan aikin talla, a riƙa biya wata-wata a huta. Wasu kuma, musamman matasan da suka ɗanɗana ilimin kwamfuta, su ce wannan asarar kuɗi ce tunda akwai manhajojin kyauta da mutum zai harhaɗa da kansa. A ganina kuskuren ɓangarorin biyu shi ne ɗaukar lamarin a dunƙule, domin tallar intanet ayyuka ne da dama, kuma kowanne da amsarsa. Akwai abin da dole ya kasance a hannunka, akwai wanda gina shi ganganci ne, akwai kuma ƙananan abubuwan da za ka haɗa da kanka cikin yini guda su yi maka amfani fiye da na saye.

Saboda haka, kafin ka kashe ko sisi, ɗauki takarda ka rubuta ayyukan da kake so a yi maka, ɗaya bayan ɗaya. A yawancin ƙananan sana'o'i ba su wuce waɗannan: wurin da za a same ka a ga kayanka, kundin sunayen masu sayenka, hanyar aika musu saƙo, hanyar karɓar kuɗi, da hanyar sanin tallar da ta yi tasiri. A gaban kowanne ka amsa tambayoyi uku. Idan abin ya tsaya yau, me zan rasa, kuma wa zai gyara? Idan kamfanin ya ninka farashi ko ya rufe, zan iya kwashe kayana in tafi? Sannan, wannan aikin ya sha bamban da na sauran 'yan kasuwa ne, ko kuwa irin wanda kowa yake yi ne? Aikin da kowa yake yi iri ɗaya, tuni wani ya gina shi fiye da yadda za ka iya, kuma yana sayar da shi da araha saboda masu saye suna da yawa.

Kundin masu saye da adireshin shafi

Wannan shi ne ɓangaren da ba na son a yi sassauci a kansa. Mabiyanka na Instagram ko Facebook ko TikTok suna cikin gidan wani ne, kuma mai gidan ne yake yanke adadin waɗanda za su ga abin da ka wallafa. An ga haka a zahiri. Ranar 4 ga Oktoba 2021 Facebook da Instagram da WhatsApp suka ɗauke baki ɗaya na kusan awa 6. A shekarar ce kuma gwamnatin Najeriya ta dakatar da Twitter tun daga watan Yuni, ba a buɗe ba sai Janairun 2022, duk wanda ya ɗora kasuwarsa a can ya shafe watanni yana lalube. Kamfanonin da ake biya ma sukan rufe wani sashe nasu idan bai yi musu riba ba: an rufe Revue, manhajar aika wasiƙun imel ta Twitter, a Janairun 2023, kamfanin aika imel na talla Mailchimp ya rufe irin wannan manhajar tasa, TinyLetter, a Fabrairun 2024, sannan Google ya kashe ƙananan shafukan kyauta da ya riƙa ba 'yan kasuwa a Maris ɗin 2024. Wanda ke da kundin masu sayensa a hannu ya ɗauka ya koma wani wuri, wanda ba shi da shi ya fara daga tushe.

Gina kundin ba ya buƙatar ilimi mai zurfi. Buɗe jadawali a Google Sheets ko Excel, ka ware gurbi ga suna, lambar waya, gari, abin da mutum ya saya, ranar saye, hanyar da ya bi ya same ka, da kuma ranar da ya amince a riƙa turo masa saƙon talla. Akwai wata ƙaramar matsala da takan ɓata aikin mutane da yawa tun daga farko: idan ka rubuta lambar waya da ta fara da sifili, jadawalin yakan ɗauke ta a matsayin adadi ya share sifilin. Maganin shi ne ka mayar da gurbin lambobin na rubutu kafin ka fara cikawa, kuma ka tsaya a kan salo ɗaya, wato lambar ƙasa a gaba ba tare da sifilin farko ba, 234 ga Najeriya, 227 ga Nijar, 233 ga Gana. Idan ka bar wasu da sifili, wasu da alamar tarawa, wasu da tazara a tsakani, ranar da za ka loda su a manhajar aika saƙo za ka tarar mutum ɗaya ya fito sau uku, ka biya kuɗin saƙo uku, shi kuma ya ji haushi. Duk ƙarshen mako ka sauke kwafin kundin a tsarin CSV, wanda kusan kowace manhajar talla take karɓa, ka adana a wurare biyu daban, kuma ka zaɓi tsarin haruffa na UTF-8 don kada sunaye irin su Ɗanladi da Ƙasimu su koma wasu alamomi marasa ma'ana.

Gurbin amincewar nan yana da dalili na doka. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Najeriya, wadda aka sa wa hannu a Yunin 2023, ta ba mutum 'yancin ƙin a yi amfani da bayanansa wajen talla, ta kuma wajabta sanar da hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC, cikin awa 72 idan aka yi kutsen da zai iya cutar da masu bayanan. Gana tana da tata dokar tun 2012, Tarayyar Turai kuma tana aiki da tata dokar mai suna GDPR tun Mayun 2018, wadda za ta iya shafarka idan kana tallata kaya ga mazauna can. Wanda ya ɗauki kundin ya ajiye a sabarsa, wato kwamfutar da ke kunne kullum a intanet wadda ake ɗora shafi ko manhaja a kanta, ya ɗauki nauyin tsaronsa gaba ɗaya. Sayen jerin lambobin waya daga hannun wasu kuwa, ko kwashe lambobin 'yan wani zaure na WhatsApp, ban ga wani alheri a ciki ba: ya saɓa wa doka, yana jawo a toshe lambarka, kuma cin amanar mutanen da ba su neme ka ba ne.

Abu na biyu da ya zama dole ka mallaka shi ne sunan adireshin shafinka. Ana yin rajistarsa shekara-shekara, na Najeriya mai ƙarewa da .ng ko .com.ng yana ƙarƙashin kulawar NiRA, ƙungiyar da ke rajistar adireshin intanet na ƙasar, kuma ana iya biyansa da naira ta hannun kamfanonin da ta amince da su. Ka yi rajistar da sunanka, da imel ɗinka, da lambar wayarka, ko da wani ne zai gina maka shafin. Sau da yawa mai gina shafi yakan yi rajistar da sunansa don sauƙin aiki, ba da mugun nufi ba, amma idan kuka saɓa ko ya yi tafiya ko ya canza layi, adireshin da ka buga a leda da kwali da allon shago ya fita daga hannunka.

Yadda ake lissafin tsada

Mai goyon bayan gini yakan kwatanta kuɗin wata na kamfani da sifili, mai goyon bayan haya kuma yakan manta cewa farashin yau ba shi ne na baɗi ba. Dukansu lissafinsu bai cika ba.

A ɓangaren haya, abubuwa biyu ne suke tafiya da kuɗi a ɓoye. Na farko, yawancin kamfanonin suna caji ne bisa yawan mutanen da ke kundinka, saboda haka duk lokacin da kasuwarka ta bunƙasa kuɗin yana hawa, har da kuɗin sunayen da suka shekara ba su buɗe saƙonka ba. Tsarin kyauta ma yakan tsuke: Mailchimp, wanda Intuit ya saya a 2021 kan dala biliyan 12, ya taɓa ba da damar mutum 2,000 kyauta, daga baya ya rage zuwa 500. Na biyu shi ne canji. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen ₦460 a farashin gwamnati, a kasuwar bayan fage kuma wajen ₦750, amma zuwa Fabrairun 2024 ta haura ₦1,500. Wanda yake biyan dala 50 a wata bai ga an ƙara masa ko kwabo a takardar kamfanin ba, amma abin da yake fita daga aljihunsa ya ninka ko ya fi. An kuma taɓa fama da wahalar biyan kanta, domin a 2022 bankunan Najeriya da yawa sun taƙaita ko sun dakatar da biyan kuɗin waje da katin naira. Mai sana'a a Nijar yana da ɗan sauƙi idan kamfanin da yuro yake caji, tunda sefa a ɗaure take da yuro a kan farashi tsayayye. Don haka, idan kamfanoni biyu sun yi kusa da juna wajen inganci, wanda yake karɓar kuɗin ƙasarka ya fi.

A ɓangaren gini, manhajar kyauta kamar kyautar doki ce, dusa da harawa da magani duk a wuyanka suke. Ɗauki misalin aika imel. Akwai buɗaɗɗun manhajoji masu kyau irin su Listmonk da Mautic da kowa zai iya saukewa ba tare da biya ba. Za ka kama hayar ƙaramar saba a kan kimanin dala 5 ko 6 a wata, ka haɗa ta da Amazon SES, tsarin aika imel na kamfanin Amazon, wanda yake cajin santi 10 kan kowane imel 1,000. Idan kana da mutum 5,000 kana aika musu sau huɗu a wata, imel 20,000 ke nan, kuɗinsu dala 2, jimilla ƙasa da dala 10, alhali kamfanin haya zai iya karɓar gomman daloli kan wannan adadin. A takarda gini ya yi nasara. Sai dai a ƙara awannin da za a kashe wajen girkawa, da sabunta manhajar duk lokacin da aka gano ɓaraka, da duba kwafin ajiya, da farfaɗo da sabar idan ta tsaya ana saura kwana uku Sallah, lokacin da kowane saƙo kuɗi ne. Ka yi wa awarka farashi, wato abin da kake samu idan ka shafe ta kana ciniki, ka ninka da awannin da kulawar za ta ci a wata, ka ɗora a kan dala 10 ɗin. Ga wanda ke da mutum 400 a kundi, lissafin ba zai taɓa goyon bayan gini ba. Ga mai mutum 30,000 da ma'aikacin da ya san aikin, yakan goyi baya sosai. A lura kuma cewa sabar ma galibi da dala ake biyanta, gini yana rage yawan dalar ne kawai.

Isar da saƙo: ka yi haya

Rubuta manhajar da za ta aika saƙo abu ne mai sauƙi, ɗalibin kwamfuta zai yi shi a dare ɗaya. Wahalar tana wajen sa saƙon ya isa, kuma wannan ya dogara ne ga amanar da manyan kamfanoni suka ba mai aikawa, abin da ake ginawa cikin shekaru. Tun Fabrairun 2024 Gmail da Yahoo suka tsaurara sharuɗɗa: wanda yake aika imel sama da 5,000 a rana zuwa Gmail dole ya saita alamomin tantancewa uku a adireshinsa, SPF da DKIM da DMARC, ya sa hanyar fita daga jerin da dannawa ɗaya, kuma kada yawan masu kai ƙarar saƙonsa ya kai kashi 0.3 cikin 100, wato mutum 3 cikin 1,000. Ko ba ka kai wannan adadin ba, ka saita alamomin ukun, domin kyauta ne kuma duk kamfanin da ka yi rajista da shi zai ba ka rubutun da za ka liƙa a shafin kula da adireshinka. Abin da ba zan ba kowa shawara ba shi ne ya mayar da sabarsa ta zama mai aika imel kai tsaye, domin sabon adireshin saba ba shi da tarihi, saƙonninsa sukan zarce akwatin saƙonnin banza. Aikawa daga Gmail na yau da kullum ma yana da iyakar kusan 500 a rana, kuma ba don talla aka yi shi ba. Mai farawa zai iya amfani da tsarin kyauta na Brevo, wanda yake ba da imel 300 a rana, har sai buƙatarsa ta wuce haka.

Gaskiya dai a kasuwanninmu imel ba shi ne kan gaba ba, WhatsApp ne. Manhajar WhatsApp Business, wadda ta fito a Janairun 2018, kyauta ce kuma tana ɗauke da abubuwan da mutane da yawa suke neman saye a waje ba su san suna da su ba: kundin nuna kaya da farashi, saƙon maraba, saƙon da ke amsawa idan ba ka kusa, gajerun amsoshin da aka tanada, da tambarin da za ka liƙa wa hira don ka san wanda ya biya da wanda ake jiran kai wa kaya tasha. Jerin aika saƙo ga jama'a yana ɗaukar mutum 256, kuma saƙon yana isa ne ga waɗanda suka adana lambarka kawai, saboda haka roƙon mai saye ya adana lambarka wani sashe ne na ciniki. Idan ka wuce ƙarfin wannan, hanyar da aka amince da ita ita ce WhatsApp Business Platform, inda Meta, mai mallakar WhatsApp da Facebook da Instagram, take duba samfurin saƙon talla kafin a aika, take kuma caji kan kowane saƙo tun daga Yulin 2025, amma amsa wa wanda ya fara yi maka magana cikin awa 24 ba ta da wannan cajin. A tsakanin waɗannan hanyoyi biyu ne ake tallata wasu manhajoji masu alkawarin tura saƙo ga dubban lambobi daga layinka da kuɗi kaɗan, haka kuma wani zai ce zai rubuta maka irinta. Ka nisance su. Sun saɓa wa ƙa'idar WhatsApp, kuma hukuncin shi ne rufe lambar da masu sayenka suka sani shekara da shekaru.

Saƙon tes yana da amfani har yanzu, musamman ga masu ƙananan wayoyi da wuraren da data ke wahala, kuma shi ma ta hannun kamfani ake bi, irin su Termii ko Africa's Talking, domin su ne suke da yarjejeniya da kamfanonin layi kuma su ne za su yi maka rajistar sunan da zai fito a matsayin mai aikawa. A Najeriya akwai tsarin hana saƙon talla da hukumar NCC ta kafa ta lambar 2442, kuma saƙon talla ba ya shiga layin da ya kunna shi. Ga mai rubutu da Hausa akwai wani abu da ya kamata ya sani kafin ya aika. Saƙon tes ɗaya yana ɗaukar haruffa 160 ne idan duk haruffan na cikin jerin da aka tanada tun asali ne, amma ƙ da ɗ da ɓ ba sa cikin jerin, kuma da zarar guda ɗaya ta shiga, saƙon ya koma wani tsari mai ɗaukar haruffa 70 kacal. Saƙo mai haruffa 150 da za a caje ka shafi ɗaya sai ya zama shafi uku. Idan mutum 2,000 za ka aika wa, bambancin babba ne. Ko dai ka taƙaita saƙon sosai, ko ka zaɓi kalmomin da ba su da haruffan masu lanƙwasa, sannan ka duba adadin shafin da manhajar ta nuna kafin ka danna.

Karɓar kuɗi kuwa babu doguwar magana a kansa. Kada ka gina, kada kuma ka yarda wani ya gina maka abin da zai riƙa karɓar lambobin katin mutane, domin akwai ƙa'idojin tsaro na duniya da ake kira PCI DSS da lasisin Babban Banki a kan wannan aikin. Paystack, wanda aka kafa a Legas a 2015 kuma Stripe ya saya a 2020, da Flutterwave da makamantansu suna ba da shafin biya da za ka tura wa mai saye. Farashin da Paystack ya daɗe a kai na cikin gida shi ne kashi 1.5 cikin 100 da ƙarin ₦100, ba ya wuce ₦2,000, wato cinikin ₦20,000 zai ci ₦400. Wannan kuɗin yana sayen tabbacin cewa biyan ya shiga da gaske, abin da hoton risit ɗin tiransifa ba ya bayarwa.

Abubuwan da ya dace ka haɗa da hannunka

A nan ne gini yake da daɗi kuma yake da riba, domin abubuwan ƙanana ne, kuma idan sun lalace ba sa kayar da kasuwa. Na fi son farawa da hanyar gane tallar da ta kawo ciniki. WhatsApp yana ba da damar yin mahaɗi da ke farawa da wa.me, sai lambarka da lambar ƙasa a gaba, sannan a ƙara rubutun da zai bayyana a akwatin mai saye da zarar ya danna. A ce mai sayar da turaren wuta da humra tana talla a wurare uku: shafinta na Instagram, wata mai mabiya da yawa da ta biya, da tallar Facebook. Sai ta yi mahaɗi uku, kowanne da rubutunsa, na farko ya ce an ga humrar a Instagram, na biyu ya ambaci shafin da aka biya, na uku ya ambaci Facebook. Duk saƙon da ya shigo yana ɗauke da shaidar inda ya fito, ita kuma ta rubuta a gurbin da ta ware a kundinta. Bayan wata guda za ta ga cewa wata hanyar tana kawo masu tambayar farashi su wuce, wata kuma tana kawo masu biya, kuma a kan masu biyan za ta yanke inda kuɗin tallarta zai tafi. Ba ta biya kowa ba, kuma ta sami amsar da manhajoji masu tsada suke alkawari. Ga mai shafin intanet, irin wannan aikin ake yi da alamomin UTM da ake ƙarawa a ƙarshen mahaɗi, sai Google Analytics ya tattara, ko Matomo ga wanda yake son bayanan su zauna a sabarsa.

Na biyu shi ne takardar oda. Da Google Forms za ka yi fom ɗin da mai saye zai cika sunansa da garinsa da tashar da za a kai masa kaya, amsoshin su zuba kai tsaye cikin jadawalinka. Wanda ya ɗan iya rubuta manhaja zai ƙara 'yan layuka a Apps Script, wurin rubuta ƙananan manhajoji na Google, don a turo masa sanarwa idan oda ta shigo, ko a fitar masa da sunayen waɗanda suka yi wata uku ba su saya ba, sai dai ya tuna cewa asusun kyauta yana aika imel ga mutum 100 ne kawai a rana ta wannan hanyar. Haɗa manhaja da manhaja, misali biya ya shigo sai a rubuta shi a kundi a kuma aika godiya, ana yin sa da Zapier a biya, ko da n8n a girka a saba. Manhajojin ƙirƙirarriyar basira sun sauƙaƙa rubuta irin waɗannan ƙananan abubuwa ƙwarai, amma ƙa'idata ita ce kada ka ɗora bayanan mutane a kan abin da ba ka fahimci yadda yake aiki ba, kuma ka gwada da sunayen bogi goma kafin ka sa na gaskiya. Tsara lokacin wallafa a Facebook da Instagram kuwa, Meta Business Suite tana yi kyauta, zane kuma tsarin kyauta na Canva ya isa yawancin buƙatu.

Shagon intanet shi ne inda shawarar take da nauyi. WordPress, tsarin gina shafin intanet wanda ya fito a 2003 kuma fiye da kashi 40 cikin 100 na shafukan duniya suke kansa, idan aka haɗa shi da WooCommerce, ƙaramar manhajar da ke mayar da shi shago, yana ba ka shagon da kake da iko da komai nasa. Shopify na ƙasar Kanada, ko na gida irin su Bumpa da Selar, suna ba ka shago a shirye su kuma riƙe kulawar. Idan kayanka ba su wuce iri 50 ba kuma hanyar sayarwarka irin ta kowa ce, ka yi haya, ka liƙa adireshinka a kai idan tsarin ya ba da dama. Idan kana da tsari na musamman, misali farashin sari daban da na ɗai-ɗai, ko sayar da shadda da atamfa a yadi da turmi da bandir, ko biya kashi-kashi, WooCommerce ya fi lanƙwasuwa. Sharaɗin shi ne a sami wanda zai riƙa sabunta shi, domin akasarin kutsen da ake yi wa shafukan WordPress ta ƙananan manhajojin da ake liƙa masa yake shigowa, musamman waɗanda aka daina sabuntawa da na sata da ake rabawa kyauta.

Idan za ka ba wani aikin

Yawancin masu cewa za su gina, a zahiri wani za su biya ya gina musu, kuma wannan ma haya ce, hayar mutum ɗaya maimakon kamfani. Ku rubuta yarjejeniya ko da shafi guda ce. Ta fayyace cewa adireshin shafi da asusun saba da asusun karɓar kuɗi duk da sunanka da imel ɗinka za a buɗe su, shi kuma a ba shi izinin shiga a matsayin ma'aikaci, izinin da za ka iya janyewa. Ta fayyace kuɗin kulawa na wata da abin da ya ƙunsa, da tsawon lokacin da zai ɗauka kafin ya amsa idan shafin ya tsaya. Ka nemi ya yi amfani da sanannun manhajoji maimakon ya ƙirƙiro nasa daga tushe, domin idan ya tafi za ka sami wani da ya san WordPress a kowane babban gari, amma wanda zai gane abin da mutum ɗaya ya rubuta shi kaɗai sai an sha wahala. Ka riƙe wani kaso na kuɗin har sai ya miƙa maka kalmomin sirri da takardar bayanin yadda aka haɗa komai, sannan ka canza kalmomin ka kunna tantancewa mai mataki biyu.

Gwaji ɗaya ya rage, kuma ya shafi kamfani da wanda ka biya ya gina maka baki ɗaya. A makon farko, kafin ka zuba duk bayananka, sa sunaye kaɗan da kaya kaɗan, sannan ka nemi hanyar fitar da su. Ka sauke fayil ɗin, ka buɗe shi, ka duba ko lambobin waya da ranar amincewa da tarihin saye sun fito cikakku, ka kuma gwada loda shi a wata manhajar daban. Idan wani ne ya gina maka, ka sa ya goge shafin gwaji ya dawo da shi daga kwafin ajiya a gabanka. Ka fara biyan wata-wata na wata biyu ko uku kafin ka karɓi rangwamen biyan shekara, ka kuma sa ranar sabunta adireshinka a kalandar wayarka da tazarar wata guda, domin katin da aka ɗaura don biya da kansa yakan ƙi aiki ba tare da an sanar da kai a kan lokaci ba.